Yadda ake gina dabbar ado da ciyawar shinkafa a gona

A yankin Niigata na ƙasar Japan, inda noman shinkafa ya yi suna, tun 2008 ake wani biki mai suna Wara Art. "Wara" a yarensu ita ce ciyawar shinkafa. Ɗaliban jami'ar zane-zane ta Musashino da ke Tokyo kan je su haɗu da mutanen yankin a wurin shaƙatawa na Uwasekigata, su gina dabbobi da ciyawa, wasu sun ninka tsayin mutum sau biyu ko uku. Wanda ya ga hoton sai ya ɗauka tara ciyawa aka yi aka ɗaure. A'a. Katako ne a ciki, ciyawar kuma saƙa ta ake yi shimfiɗa-shimfiɗa, su suna kiran saƙar toba-ami. Duk wanda ya taɓa ganin ana yanta don jinkar ɗaki ya riga ya san rabin aikin.

Fara da ciyawa. Nemi wadda aka yanka da lauje aka buga a jikin duro, domin ita ce doguwa. Wadda ta fito daga inji ta riga ta kakkarye, bar wa dabbobi. Shanya ta har ta bushe ƙayau. In ka ɗaure ta da danshi, kafin sati biyu za ta yi baƙi tana wari. Inda ake noman shinkafa da yawa, kamar Kura ko Argungu, samun ta bayan girbi ba wuya, kuɗin ɗauko ta ne zai fi cin aljihunka.

Sai ƙashin ciki, wato katakon da ciyawa za ta hau kansa, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Ni ma a nan na faɗi. Bijimi na farko da na yi, na haɗa katakon daidai girman bijimin da nake so in gani. Da na rufe shi da ciyawa sai wuya ya ɓace, tozo ya haɗe da baya, ƙafafu suka zama kamar turame. Kwana huɗu na yi ina aiki, ƙarshe sai da na kwance komai. Abin da ban lissafa ba shi ne ciyawa tana ƙara kauri ta kowane gefe. Don haka ka yi ƙashin a rame, ka rage wajen taƙi guda a ciki da ƙirji, wuya da ƙafafu kuwa ka bar su sirara har ka ji kamar sun yi kaɗan. Abin da kake so ya fito fili, kamar tozo, kunne ko ƙaho, shi za ka ƙara wa girma fiye da na gaske, saboda ciyawa tana shafe siffa. Kafin ka ɗora ko tsinke ɗaya, ja baya taku ashirin ka duba. In yaro bai gane mene ne ba daga katakon kawai, ciyawa ba za ta gyara ba.

Ƙafafu huɗun su ne ginshiƙai. Haƙa rami kamu guda ga kowace, shafa wa gindin baƙin mai saboda gara, ka danne ƙasar sosai. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya ka buga katako a karkace. Na ga mutane suna tsallake wannan don su rage kuɗin katakon tu-bai-tu ɗaya, iskar hunturu ta kwantar musu da aikin a dare guda. Haƙarƙari kuma da tsagaggen gora nake yi, ba na son katako a nan, gora ce take lanƙwasuwa yadda cikin dabba yake. A bisa ta ka shimfiɗa ragar wayar kejin kaji, ita za ta riƙe ɗauri. In ba ka son siffar mai rai, kwale-kwale ko tarakta ko babban tulu duk da wannan tsarin ake yin su.

Yanzu yanta. Ɗauki ciyawa cikin hannu, ka jera gindi wuri ɗaya, ka saƙe da igiyar rama. Igiyar leda tana ƙyalli a rana, tana ɓata kyan abin, kada ka sa ta. Rufi daga ƙasa ake farawa a yi sama, kowane layi ya rufe igiyar na ƙasansa, bakin ciyawar yana kallon ƙasa kamar yadda gashin dabba yake kwanciya. In ka fara daga sama ka gangaro, raɓa da ruwa ciki za su shiga.

Fuska ita ce ta ƙarshe: ƙananan ƙulli na ciyawa, a matse da waya, a aske da almakashi. Ƙaho a murɗa ciyawa a kan lanƙwasasshen rodi. Ido, gutsuren ƙwarya da aka ƙona ya isa.

Kewaye wurin da ƙaya, in ba haka ba awaki za su fara da ƙafafu. Share busasshiyar ciyawa taku biyar ta kowane gefe, kuma ka faɗa wa maƙwabtan gona kafin su sa wuta a nasu.