Riga mai jakar ruwa ga masu hawan dutse

'Yan uwa masu hawan dutse, ga abin da na koya tun da na fara sa rigar nan mara nauyi mai jakar ruwa a baya, wadda ake zuƙa ta siririn tiyo. Da ita na hau Dutsen Kufena a Zariya da duwatsun Shere na Jos, hannuwana biyu a sake, ina dafa dutse yadda nake so.

Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya gare ta, don haka ba na wuce lita 2, ta kuwa ishe ni daga asuba zuwa azahar. A zafin Afrilu nakan ƙara 'yar gora a aljihun gaba, da ruwan gishiri da sukari.

In ka cika jakar, kifa ta ka zuƙe iskar da ke ciki ta tiyon. Ranar farko ban yi haka ba, ruwa ya yi ta ɓulɓul a gadon bayana har muka kai sama. Igiyoyin ƙirji kuma a ɗaure su tsam, don riga mai rawa goge gefen wuya take yi. Ruwan da ya rage a tiyo rana ke dafa shi. Kana gama kurɓa ka hura shi ya koma ciki.

Don Allah kada a zuba zoɓo ko kunun aya a jakar. Na taɓa yi, bayan kwana uku tiyon ya yi baƙin fumfuna, dole na sayi wani. Da ka dawo gida ka ɗauraye ta, ka rataye ta baki buɗe ta bushe sarai.