Yadda Za Ki Zaɓi Jan Farce Marar Cutarwa, Ki Shafa Shi Ya Daɗe

Abin da aka rubuta a gaban kwalba talla ne. Ki juya bayanta ki duba jerin sinadarai, ki nemi sunaye uku: toluene, formaldehyde da dibutyl phthalate, wanda ake taƙaitawa DBP. Toluene ne ke sa jan ya kwanta sumul, amma shaƙarsa na kawo ciwon kai da jiri. Formaldehyde na taurara farce, kuma yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. DBP na hana jan tsagewa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2004 saboda illarsa ga haihuwa.

Idan kin ga "3-free", nufinsu babu waɗannan ukun. "5-free" kuma an ƙara cire kafur da wani danƙo mai suna tosylamide/formaldehyde resin, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fatar ido, tunda hannu ba ya rabo da fuska. Sai dai kada ki saki jiki da lambar. A 2012 hukumomin jihar Kalifoniya ta Amurka sun gwada kwalabe 12 da aka ce ba toluene, suka same shi a cikin 10. Kwalbar da ba jerin sinadarai, ba sunan kamfani, ba lambar NAFDAC, ki bar wa mai shago kayansa komai arharta.

Wajen shafawa, ki buɗe taga. Ki wanke farcen ya bushe ƙarau, domin ɗan maiƙon da ya rage shi ke sa jan ɓarewa washegari. Kada ki girgiza kwalbar, iska za ta shiga ta yi kumfa. Ki murza ta tsakanin tafukanki. Ki fara da ruwan shimfiɗa marar launi (base coat), shi ke hana farce rinewa. Sannan launin, shafi biyu marasa kauri, kowanne ja uku na burushi: tsakiya, dama, hagu, da hutun minti biyu zuwa uku a tsakani. Shafi mai kauri samansa ke bushewa ƙasan yana ɗanye, da kin taɓa wani abu ya lotse. Ki rufe da ruwan ƙyalli (top coat) har bakin farcen.

In za ki cire, ki jiƙa auduga da ruwan gogewa marar sinadarin acetone, ki danna ta a kan farcen kamar daƙiƙa 20 kafin ki ja, sannan ki shafa man kaɗanya. Ɓantarewa da haƙori na tafiya da saman farcen.

Ga mai salla, ko mafi tsabtar jan farce rufi ne da ke hana ruwan alwala isa ga farce. Lalle rini yake yi, ba ya rufewa. Amma ki tsaya ga jan lalle na ganye, domin baƙin da ke kamawa nan take sau da yawa an haɗa shi da sinadarin PPD na rinin gashi, mai sa fata ta kumbura ta yi bororo.