Yadda na gyara fentin sabuwar bamba da ya ɓaɓɓare

Bambar motata ta fashe, na sayo sabuwa ta roba, baƙa ƙirin. Lambar kalar motar na kan wata takarda a jikin ƙofar direba, da ita aka haɗa mini fenti a gwangwanin feshi.

Karon farko gaggawa ta ci ni. Na fesa kai tsaye, da kauri, fentin ya dinga tsiyaya, bayan kwana biyu kuma farce kaɗai ke ɓare shi. Ashe sabuwar roba tana zuwa da maiƙon masana'anta, wanda ke hana fenti kama ta.

Na kankare komai da sanfefa mai lamba 400 da ruwa, na wanke da sabulu, na bari ta bushe sarai. Sannan na fesa sinadarin da ke sa fenti ya kama roba, wanda na tsallake a baya, na bi da fentin shimfiɗa.

Kalar kuwa shafi uku sirara na yi, gwangwanin na nesa da kamar santimita 25, hannu bai tsayawa wuri ɗaya, minti 10 tsakani. Shafin farko ya fito da dabbare-dabbare, na daure ban ƙara ba. Fentin ƙyalli ya zo ƙarshe, shafi biyu. Sai da bambar ta kwana biyu na ɗaura ta.