Kurakuran da ake yi da tunatarwar waya ga yara masu ƙarfen haƙori

Wallahi na gaji da ganin abu guda. A zuba kuɗi a sa ma yaro ƙarfen daidaita haƙori, a cika mashi portabul da alam na tuna sa roba da wanke baki, sai iyaye su naɗe hannu wai waya za ta riƙe masu yaro.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne lokacin da ake sa alam ɗin. Ɗiyata da kanta ta saita nata, ɗaya ƙarfe 10 na safe tana cikin aji a lise wayar na ƙasan jaka, ɗaya ƙarfe 1 tana bisa hanyar gida cikin rana, robobin da za ta maƙala a ƙarfen kuma suna can ɗaki bisa tebur. To me za ta yi? Ta danne shi ta ce anjima, anjimar nan kuwa ba ta zuwa. Alhali ƙananan robobin da ake maƙalawa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa kusan wuni da kwana ake son su a baki, abinci da wanke baki kaɗai ake cire su, kuma kullum ana sa sabbi don ƙarfinsu na saki. In dare kaɗai ake sa su, ɗan abin da haƙori ya matsa sai ya koma da rana. Mu taso daga Tahoua, mu bi Konni, Dogonduci, Dosso, fiye da kilomita 500 har Yamai, likita na duba bakin ya ce babu abin da ya motsa, a ƙara watanni. Kuɗin mota, masauki, ga darasin da ta rasa, duk saboda alam da ke kuka lokacin da ba a iya komai.

Ni yanzu da salla nake ɗaure shi. Bayan asuba da karin kumallo, bayan azahar in an ci na rana, sai bayan isha'i. Tana gaban ruwa dama, buroshi na kusa. Robobi kashi uku, jakar lakol, ɗaki, da wajena. Kuma doka ce, ba a kashe alam sai roba na baki.

Ku kuma 'yan mata da samari, ku ji ni da kyau. Wannan dabarar taku ta sa roba biyu-biyu saura kwana uku randebu don ku rufe sati ukun da kuka yi wasa, ku bar ta! Ciwo za ku sha, ƙarfin ya yi ma saiwar haƙori yawa, kuma likita na gani. Haka “na wanke Mama” daga kan gado. Ni ban karɓar “na wanke”, hoto nake so ta WhatsApp ko ki zo ki buɗe bakin in gani, don dattin da ke taruwa gefen ƙarfen shi ke kumbura dasashi ya riƙa jini, ya bar fararen tabo bisa haƙori, ranar da aka cire ƙarfen ne za ki gan su kuma ba su fita da sauƙi. Minti 2 da man goge baki mai fuliwo (sinadarin da ke kare haƙori), da ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin wayar ƙarfen.

Alam goma a wuni banza ne, kunne ke sabawa, uku sun isa. Kar ya zama sauti ɗaya da na saƙo. Randebu a sa shi a wayar uwa ko uba ma, kwana biyu kafin ranar, don in wuta ta tafi batirin yaro ya mutu an rasa. Kilishi, rake, aya, cingam da tauna ƙanƙara kam ba alam da zai hana, a daina sayowa gida kawai.

In an cire ƙarfen kar a goge alam na dare, a maida shi na abin riƙe haƙorin da likita zai bada a riƙa kwana da shi, in ba haka ba haƙoran su fara komawa inda suka fito.