Yadda Ake Nuna wa Ɗalibai Kejin Sinadari da Dankalin Jos

Malamin kimiyya da ke son ɗalibansa su ga yadda ƙwayar sinadari ke kama wata ta riƙe, daga baya ta sake ta, ba sai ya jira kayan waje ba. Dankalin turawa na Bokkos da aidin na kantin magani sun isa.

A goge dankali ɗaya a ruwa, a tace, a bar sitacin ya kwanta. A dama rabin ƙaramin cokali da ruwan sanyi, a juye cikin kofin tafasasshen ruwa, a bari ya huce. Sai a zuba kaɗan a bututun gwaji, a ɗiga aidin sau ɗaya. Nan take ruwan zai koma shuɗi mai duhu. A cikin sitaci akwai amilos, doguwar sarƙar gulukos da ke nannaɗewa kamar igiyar da aka naɗa a sanda aka zare sandar. Ramin tsakiyar nan shi ne kejin, nan aidin ke shigewa kamar baƙo. Tun 1814 masana kimiyya biyu, Colin da Gaultier de Claubry, suka ga wannan launi a Faransa.

Don sakin baƙon, a tsoma bututun a ruwan zafi. Shuɗin zai dusashe saboda naɗin ya warware. A mayar da shi ruwan sanyi, launin ya dawo. Kada a daɗe ana dumamawa, aidin na bin tururi ya gudu.

Mataki na ƙarshe shi na fi so malamai su tsaya a kai, kuma malam ne zai yi da hannunsa, sanye da tabarau. A zuba asid na haidirokilorik mai rauni a sabon ruwan sitaci, a tafasa. Duk bayan 'yan mintuna a ɗebi kaɗan, a sanyaya, a ɗiga aidin. Shuɗi zai koma ja-ja, can kuma ya ɓace. Asid ya daddatse sarƙar, sanyi ba zai dawo da ita ba.

Wannan ce matsalar da masu ƙera keji a ɗakin bincike ke fama da ita, domin kejin da zai kai magani ta cikin tumbi dole ya jure asid ɗin da ke cikin tumbin. Kejin CC3 da Andrew Cooper da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Liverpool a 2009 yana rushewa a asid. A 2014 suka sauya mahaɗansa, suka ɗaure su da wani sinadari mai suna fomaldihaid, sai ya jure daga 1.7 zuwa 12.3 a pH, ma'aunin ƙarfin asid, wato daga asid mai ƙarfi har zuwa kishiyarsa mai ƙarfi.