Kurakuran da 'yan Arewa suka fi yi in sun je hutu Kep Kos da dajin Kakum

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder ko Tamale yakan ɗauka ya gama sanin zafi, don haka bakin teku ba zai ba shi wahala ba. A nan ake fara tafka kuskure. Zafin Kep Kos, a kudancin Gana, bai kai na bazarar Sakkwato ba, da wuya ya wuce digiri 33. Abin da ke ka da baƙo laima ce. Iskar wurin cike take da danshi, galibi sama da kashi 80 cikin 100, alhali a Kano lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da 20. Gumi ba ya bushewa, wanki ba ya bushewa, ƙasa ba ta bushewa.

A fara da lokacin tafiya. Damina biyu ake yi a can: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Mai son yawo cikin daji ba tare da ruwa ya kore shi ba ya nufi Disamba zuwa Fabrairu, ko kuma Agusta, wadda a Arewa ita ce tsakiyar damina amma a can ruwa kan ɗan tsagaita.

Sutura ce ta biyu. Shadda mai sitaci da wandon jins da yadi mai roba duk azaba ne a wannan iska. Roba tana kulle gumi a jiki ta haifar da ƙurajen zafi, jins kuwa in ya jiƙe sai ya kwana biyu bai bushe ba. A ɗauki auduga mara nauyi, riga mai dogon hannu da dogon wando, a kuma riƙa lissafin canji biyu a rana. Mata su zaɓi hijabi mara kauri, su riƙe na canji a jaka.

Wanki yana da nasa haɗarin da yawancin baƙi ba su taɓa ji ba. Akwai wani ƙuda da ake kira tumbu, wanda ke saka ƙwai a ƙasa da kuma jikin tufafin da aka shanya, musamman a inuwa ko a kan ciyawa. In aka sa kayan, tsutsar takan huda fata ta zauna, wurin ya tashi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Rigakafin ba wuya: a shanya a igiya cikin rana sosai, sannan a goge komai da dutsen guga mai zafi, ciki da waje, har da kayan ciki da na jarirai da tawul. In ta riga ta shiga kada a matsa da ƙarfi, don tsutsar na iya fashewa a ciki wurin ya ruɓe. A toshe ramin da man Vaseline ta rasa iska ta leƙo, in ta ƙi a je asibiti. Kada kuma a cusa jiƙaƙƙen kaya a akwati a rufe. Kwana biyu ya ishe shi ya yi funfuna.

Dajin Kakum yana da nisan kusan kilomita 30 arewa da Kep Kos. Abin da ke kai mutane shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai a jere da aka ɗaure a kan manyan itatuwa, jimillar tsawonsu ta kai mita 350, wani wurin kuma tsayinsu daga ƙasa ya kusa mita 40. Kafin a kai ga gadar sai an hau tudu, kuma duwatsun hanyar da saiwoyi suna da santsi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su ne ke jawo targaɗe. A sa takalmi rufaffe mai ƙasan roba mai gargada, da safa. In an ga layin kwarkwasa ya ratsa hanya a tsallake da sauri, kada a tsaya ɗaukar hoto, domin kafin a ankara sun hau har gwiwa. Gadar kanta faɗin katako ɗaya ce, tana lilo. Mai jin jiri ya sani akwai hanyar fita bayan gada ta farko, ba dole sai ya gama bakwai ba.

Zuwa da rana tsaka ma ɓata kuɗi ne. A iso da sassafe daidai lokacin buɗe ƙofa, ranar aiki, kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin da hayaniya. Kuma a rage buri: akwai giwayen daji da birai a Kakum, amma wannan ba Yankari ba ce inda ake hango dabba daga nesa. Ganye ya rufe ko'ina. Abin da za a gani tsuntsaye ne da malam-buɗe-littafi da itatuwan rimi masu tsayin ban mamaki.

Teku kuwa ba kogi ba ne. Iya iyo a Tiga ko Kogin Kwara ba ya amfani a gaɓar Gana, inda wata igiyar ruwa ke jan mutum daga baki zuwa ciki da ƙarfin da ba a iya ja da shi. Wurin da ruwan ya yi lumus, babu kumfa, a tsakanin wuraren da taguwa ke fashewa, sau da yawa nan ne mashigarta. Wanda ta ja kada ya yi kokawar komawa kai tsaye. Ya yi iyo a gicce, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Wanda bai iya ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, yara kuma a riƙe hannunsu.

Cewa "mu da muka saba da sauro" ba hujja ba ce. Sauron can ba ya hutu, rani da damina. A kwana cikin gidan sauro, a shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 tun magariba. Masu ciki da ƙananan yara da wanda ya daɗe a Turai su ga likita kafin tafiya. Katin allurar rigakafin cutar shawara ana tambayarsa a iyakar Gana, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ruwan sha a ƙalla lita 3 ranar shiga daji. In gudawa ta kama, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci ba matsala ba ne, kifi da dokunu (tuwon masara mai tsami) da wake da shinkafa suna ko'ina. Miyar gidan abinci ce abin tambaya, don akan sa naman alade ko naman daji. Wanda bai natsu ba ya nemi zangon Kotokuraba a cikin gari, inda zai sami masallaci da mahauta Musulmi da masu jin Hausa.