Baƙin macijin da ke sara baki rufe: inda ake kuskure da shi

Daga kurmin Adamawa, kewayen garin Gaundare da dutsen Cabbal Mbabo a ƙasar Kamaru, har gangaren duwatsun Mandara, akwai wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da masana ke kira Atractaspis. Da wuya tsawonsa ya wuce santimita 70. Idonsa ƙanana ne, kai da wuya kaurinsu ɗaya, jelarsa gajeriya mai tsini kamar ƙaya.

Kuskuren da ya fi cin yatsun mutane shi ne kama shi ta wuya. Wannan dabarar ta masu wasa da maciji ba ta aiki a kansa. Fiƙarsa doguwa ce, a kwance take, kuma yana zaro ta ta gefen baki ba tare da ya buɗe bakin ba, ya soka ta baya. A rami yake farautar 'ya'yan ɓera da ƙananan ƙadangaru, inda babu sararin wangale baki, shi ya sa aka halicce shi haka. Duk yadda ka riƙe shi, yatsanka na cikin hatsari. A sa doguwar sanda ko shebur a tura shi cikin bokiti mai murfi, a kai shi nesa.

Wasu kuma suna ɗaukarsa makahon macijin nan da yara ke ce wa mai kai biyu, wanda tururuwa da gara yake ci, ba shi da dafi. Da dare ba a tsayawa bambance su. A bar su duka.

Ana kuma zaton sai a daji yake. Ƙasa mai laushi da danshi yake bi: ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, juji, kunyar rogo. Yakan fito da dare bayan ruwan sama, musamman farkon damina, mai tafiya ba takalmi ba tocila ya taka shi.

In ya yi sara, kada a ɗaure da igiya ko roba. Dafinsa yana ruɓar da nama a wurin saran, ɗaurin kuwa yana tsare jini, ya ƙara lalata yatsan. Tsaga da reza da ɗora baƙin dutse ɓata lokaci ne, ƙwayar cuta kawai ake ƙarawa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Farasitamol za a sha, ban da asfirin.

Allurar dafin da ake ajiyewa a asibitocin Garwa da Marwa an yi ta ne don irin su kububuwa da kasa, ba ta karya dafin wannan. Duk da haka a je: za a ɗebi jini a tsabtatacciyar kwalbar gilashi a ajiye minti 20, in bai daskare ba, mai yiwuwa kububuwa ce ta yi saran, ita kuwa allurar tana maganinta.